Barmo da Allo Mai Ƙara Ƙiba

A garinmu Gidan Cindo akwai wani mutum da ake kira Barmo. Ba yaro ba ne, gemu ya cika masa haɓa, ƙarfi kuwa buhun masara yake saɓawa ya tafi yana 'yar waƙarsa. Ba ya ƙarya, ba ya musu, ba shi da mugunta ko kaɗan. Matsalarsa ɗaya ce: abin da bakinka ya faɗa shi zai yi, abin da zuciyarka take nufi kuwa wannan tsakaninka da ita ne. Ni Malam Ilu maƙwabcinsu ne, katanga ɗaya ta raba mu, saboda haka labarin nan ba a bakin kasuwa na tsinto shi ba. Wani sashensa ma a kaina ya ƙare.

Su uku ne a gidan. Akwai Inna Tabawa, tsohuwa siririya mai son barcin rana. Akwai Saude, yayar Barmo, wadda ta dawo gida bayan rasuwar mijinta. Sai shi gogan naku. Saude ce take riƙe da gidan. Ta koyi zane a kwamfuta, tana zana furanni da zobba na wuyan riga a laftof ɗinta, ta tura wa Alhaji Nadabo mai shagon ɗinki a cikin gari, shi kuma kekensa mai aiki da kwamfuta ya ɗinke su a jikin shadda. Da wannan aikin ake ɗora tukunya a gidan, babu wani. Ana nan sai gilashin laftof ɗin ya fashe, baƙi ya malale a fuskarsa kamar an zubar da tawada. Kada ku zargi Barmo, akuya ce ta ture tebur. Ƙaninsu Kallamu da ke aiki a Kano ya ce kada ta damu, zai aiko mata da allon kwamfuta irin mai faɗin nan, ta jona shi da laftof ɗin ta ci gaba da aikinta.

Wata rana direba ya bugo waya ya ce saƙo ya iso tasha. Saude za ta gidan suna, sai ta kira Barmo ta zaunar da shi.

"Ka riƙe shi da hannu biyu a gabanka, yadda direba zai miƙo maka. Kada ka juya shi, kada ka karkata shi, kada ka ajiye shi a ƙasa sai ka shigo ɗakina."

"To, Yaya."

Direba ya miƙo masa kwalin a kwance, faɗinsa kamar na tabarmar yara. 'Yan acaɓa suka yi ta kiransa, ya ƙi, don babur yana karkata a kwana. Da ƙafa ya taho, a tsakiyar hanya, mai keke da mai jaki duk suna kauce masa. Da ya iso gida sai ƙofar zaure ta ce ba ta san zancen ba, kwalin ya fi ta faɗi. Ni da ku da sai mu shiga a kaikaice, amma wannan juyawa ce, kuma an hana. Ya tsaya yana kwaɗa sallama, Inna kuwa ta yi nisa a barci. Can sai ga Mato magini zai wuce da digarsa a kafaɗa, mutumin da in ya ga abin dariya ba ya barinsa ya wuce a banza. Barmo ya yi masa bayani, Mato ya ce ai wannan ƙaramin aiki ne. Saude ta dawo ta tarar an sare gefen zaure biyu, suna tsaye a ƙofar ɗakinta Mato yana aunawa da taƙi.

"Me zan gani haka, Barmo?"

"Bai taɓa ƙasa ba, Yaya."

Har yau zaurensu ne ya fi na kowa faɗi a unguwarmu, jaki da mangala yana shiga ba ya gogar bango.

Aka jona allo, ya kawo haske, gida ya cika da murna. Murnar ba ta daɗe ba. Duk abin da ya fito a allon nan sai ya baje ta gefe da gefe. Rubutu ya yi dishi-dishi, hoton Inna Tabawa da ke kan fuskar kwamfutar ya fito da kumatu kamar wadda aka yi wa kiwo. Inna ta duba ta ce a bar shi haka, bai yi mata muni ba. Amma aikin Saude ba na wasa ba ne. Ta zana zobba, a idonta sun zagaye daidai, ta tura. Da keken Alhaji ya ɗinke su sai suka fito a matse, kamar ƙwai a tsaye. Riga guda ta lalace, Alhaji ya bugo waya bai ji daɗi ba.

Wata rana Saude tana hira da Kallamu ta bidiyo, suna neman bakin zaren matsalar. Ta yi tsaki ta ce, "Wannan allon, duk abin da ka sa a gabansa sai ya ƙara masa ƙiba." Barmo yana bakin ƙofa, ya ji, ya adana. Tuwo ya fara kamu a madafa, ta ce wa Kallamu ya jira ta, ta fita. To ni ina da wani rago da nake kiwo don layya, na ba shi dusa, na ba shi harawa, na ba shi kanwa, ya ƙi yin auki, kullum ina ƙorafi a kansa. Barmo ya tausaya mini. Ya shiga gidana ya kwance shi, ya rungumo shi har ɗakin Saude, ya tsayar da shi a gaban laftof. Kallamu yana can Kano yana cewa, "Yaya, kin dawo?" sai ya ga ƙaho. Ragon kuwa da ya ɗaga kai ya hangi wani ƙaton rago yana kallonsa ido cikin ido, sai ya ja da baya ya sunkuyar da kai zai kai karo. Allah ya sa Barmo yana da ƙarfi, ya cafke ƙahonin a sama. Ragon ya huce haushinsa a kan kebul ɗin da ya haɗa allon da laftof, ya tauna shi son ransa.

Na shigo ina huci na ce, "Wa ya ba ka izinin taɓa mini dabba?"

Barmo ya nuna allo ya ce, "Malam, dubi yadda ya murje. Da ka bar shi ya wuni."

Na duba. Wallahi a allon ya yi kyau, har na ɗan tsaya kallo kafin na tuna fushi nake yi.

Wata rana Kallamu ya ce wataƙila laifin kebul ne, tsoho ne ba ya iya ɗaukar faɗin allon, gara a sayi sabo. Saude ta riga ta naɗe inda rago ya tauna da baƙin salatif, ana lallaɓawa da shi. Ta zare shi ta miƙa wa Barmo.

"Ka je cikin gari wurin masu kayan waya. Ka nuna musu wannan, ka sayo sabo. Amma ya zama irinsa sak, kada ya bambanta da shi ko ta ina."

Bakin kebul ɗin take nufi, inda ake sokawa, kowa ya san haka. Barmo ya je, ya samu sabo mai kyau, ya kamo hanya. A hanya ya jera su biyun a tafin hannu ya ga ai da sauran aiki, tsohon yana da shaidar haƙori, sabon sumul yake. Da la'asar na dawo daga gona na same shi tsugune a garkena, ya shafa wa sabon kebul jiƙaƙƙiyar dusa, ragona yana ta aiki.

"Malam, kada ka kore shi, saura ta gefen nan."

Ya gama, ya naɗe wurin da salatif daidai yadda na tsohon yake, ya kai wa Saude guda biyu ya ce ta faɗi wanne ne sabon. Ba ta iya ba, shi ma allon bai iya ba, don ko haske ya ƙi kawowa da shi. Ragona ya kwana biyu yana zawo. Daga baya Kallamu ya aiko da kebul mai kyau ta hannun direba, aka soka, Inna ta sake fitowa da kumatunta. Ashe kebul ba shi da laifi tun farko.

A tsakanin nan Saude ta ce bari ta yi wa allon wayo. Tunda yana baje abu, sai ta riƙa zana zobban da faɗi fiye da kima, da fatan in sun je wurin keke su koma daidai. Ta wuce gona da iri, suka fito a baje kamar gurasa. Riga ta biyu ta tafi. Wannan karon Alhaji Nadabo bai ɗaga murya ba, kuma hakan ya fi tsorata ta.

Ya ce, "Saude, marigayi mijinki abokina ne, shi ya sa nake ta haƙuri. Amma shaddar nan ta mutane ce. Ga aikin rigar ango da ta abokansa, ranar kasuwa nake son zanen. In ya sake karkacewa, zan ba wani, kada ki ga laifina."

Ta ce, "Na gode, Alhaji. In Allah ya yarda ba zai karkace ba." Ta ajiye waya ba ta san ta inda zai miƙe ba.

Wata rana ta samu lambar wani mai gyaran kwamfuta a cikin gari, Tasi'u, ta roƙe shi ya zo ya duba. Ya ce zai shigo in ya samu sarari, bai faɗi lokaci ba. Ranar kuwa dole ta kai Inna asibitin sha-ka-tafi a duba mata ido. Tana tsoron rago, tana tsoron yaran unguwa, sai ta ce wa Barmo, "Ka zauna a ƙofar ɗakin nan. Kada ka bar kowa ya taɓa kwamfutar har in dawo." Ba su daɗe da fita ba sai ga Tasi'u a kan babur, da jakar kayan aikinsa.

"Ni ne mai gyara. Hajiya ce ta kira ni."

"Sannu da zuwa. Ga tabarma, ga ruwa."

"Ina kwamfutar?"

"Ga ta can. Kallo ba laifi, taɓawa ce babu."

Tasi'u ya yi dariya ya nufi ɗaki, Barmo ya ɗaga shi cak ya mayar da shi kan tabarma, ya gyara masa zaman hula. Tasi'u ya kira Saude a waya, wayarta tana cikin ɗakin tana caji. Da ya ga abin ba na wasa ba ne sai ya sauko.

"To ji nan, ɗan'uwa. Daga nan ma ina hango matsalar. Ni ba zan taɓa ba. Kai ka je ka danna inda zan nuna maka."

Barmo ya yi tunani ya ce, "Kowa ta ce. Ni ma ina ciki."

Tasi'u ya shanye ruwansa ya hau babur. A ranar zai wuce Zariya bikin ƙanwarsa, ba zai dawo ba sai bayan kasuwa. Da Saude ta dawo ta ji yadda aka yi, na kasa kunne ta katanga ina jiran faɗa. Ba ta yi faɗa ba. Zama ta yi a kan turmi ta rufe fuska da mayafi tana kuka a hankali, kukan wanda ya gaji. Da ta share ido ta ce, "Barmo, ba ka da laifi, amma ni ma ba ni da ƙarfi. Daga yau ba zan sake aikenka ko'ina ba." Ni da nake jin haushinsa saboda rago, maganar nan ta sosa mini rai, don na san aiken nan shi ne duk abin da yake taƙama da shi a duniya.

Wata rana Inna ta gaji da ganinsa zaune a faffaɗan zauren nan ya haɗa kai da gwiwa, abinci ma sai an matsa masa. Ta kira shi ta ce, "Ba a ba mace haƙuri da surutu. Ka zauna kusa da ita ka yi shiru, za ta sauko." Barmo ya tashi ya aiwatar. Saude tana wanke-wanke, yana gefe a zaune. Ta je injin niƙa, ya zauna a layi tsakaninta da wata amarya, ƙato da gemu, bai ce uffan ba. Ta shiga gidan gaisuwar mutuwa, matan suka ɗaga kai suka gan shi a tsakiyarsu ya tanƙwashe ƙafa, har wata tsohuwa ta miƙa masa goro. Saude ta ce ya tashi, ya tashi, ya zagayo ya zauna ta ɗaya gefen, don umarnin Inna bai faɗi ba. Dariya ta so ƙwace mata, ta danne, don ranar kasuwa tana ƙaratowa kuma allo yana nan yadda yake.

Wata rana, ana gobe kasuwa, Saude ta zauna tun hantsi tana fama da zanen rigar ango. Ta ja zobe ta nan, ta matse ta can, tana lalube kamar mai ɗinki da ido a rufe. Ita da kanta ta san ba ta san abin da take yi ba. Barmo yana bakin ƙofa a zaune, shiru. Bayan azahar gari ya yi duhu, iska ta taso, hadari ya haɗu ta gabas. Ga shanya a igiya, ga geron da ta wanke ta baza a tsakar gida. Ta miƙe a guje, ko ajiye aikin a cikin kwamfutar ba ta yi ba, tana fita tana cewa, "A rufe duk abin da yake buɗe, ruwa zai sauko." Ba da Barmo take ba, da iska take magana. Amma shi kaɗai ne a wurin, kuma ya daɗe yana jiran a ce a yi wani abu.

Ya miƙe da ƙarfinsa. Ya rufe taga, ya rufe randa, ya rufe tukunyar miya da akwatin Inna. Ya rufe akurki, kajin duk suna waje. Ya sami Inna tana barci baki buɗe, ya sa yatsa a hankali ya ɗaga mata haɓa. Ya dawo ɗakin Saude ya waiwaya ko akwai saura, sai ya ga laftof a buɗe, ya sa hannu ya kifa murfinsa.

Saude ta shigo da ƙwaryar gero a ka, jikinta ya jiƙe. Idonta ya sauka a kan laftof a rufe, babban allo kuma ya yi baƙi ƙirin. Ta sauke ƙwaryar a hankali, ta dafa bango.

"Barmo, aikin wuni guda ne a ciki. Ka kashe ni."

Barmo ya sunkuyar da kai. Sai allon ya ƙifta, ya sake ƙiftawa, ya kawo haske. Saude ta matso. Rubutun da ya yi ta dishi-dishi ya fito ƙanana, tas, kamar an wanke shi. Fili ya buɗe dama da hagu wanda ba ta taɓa gani ba. A gefe ga hoton Inna, siririya yadda Allah ya yi ta. A tsakiya kuma ga zanenta, bai ɓace ba, kuma a karo na farko ta gan shi yadda yake: zoben da ta wuni tana gyarawa a karkace yake, da ta tura shi da aikin ya bar hannunta. Ta kama ɗan linzamin da take zane da shi, ta zana sabon zobe. Ta ɗauki murfin kwalba ta kara a jikin allo. Ya zauna a kai daidai, ba ragi ba ƙari.

Ta kira Kallamu ta gaya masa. Ya fashe da dariyar da har ni a bayan katanga na ji. Ya ce ashe duk kwanakin nan babban allon kwaikwayon ƙaramin yake yi, abin da ƙaramin ya nuna shi yake ja ya baje don ya cika faɗinsa. Da aka rufe ƙaramin sai ya rasa wanda zai bi, ya tsaya da kansa. Laftof ɗin kuma shi ne ya taɓa saita shi kada ya yi barci in an rufe, ya manta. Ya ce in ta so akwai inda za ta danna a raba su ko da murfin a buɗe, Saude ta ce ya riƙe danninsa, ita ba mai sake taɓa mata komai yau.

Kafin magariba ta gama ta tura. Ranar kasuwa da rana Alhaji Nadabo ya bugo. Ya ce zobban nan kamar an kifa kwano an zagaye, ango ya gani ya ce a ƙara masa hula. Ya ce akwai wani aikin yana tafe, kada ta yi nisa da waya.

Ta ajiye wayar. Barmo yana gefenta, shiru, yadda Inna ta ce. Ta juyo ta dube shi.

"Barmo, yi magana. Allah ya yi maka albarka. Faɗi abin da kake so in yi maka, ko riga ce in sa a ɗinka maka da irin zoben nan."

Ya murza gefen tabarma da yatsa, ya ce, "Yaya, ni dai ki riƙa aikena."

Idonta ya ciko da ƙwalla, ta juya kai kamar tana neman wani abu a bayan ƙofa. Sannan ta ce gishiri ya ƙare, ya je shagon bakin titi ya sayo. Ta faɗa masa hanyar da zai bi, da wadda zai dawo, da hannun da zai riƙe ƙullin, da abin da zai yi in ya tarar shagon a rufe. Bayanin ya fi tafiyar tsawo. Barmo ya saurara har ƙarshe bai ƙifta ido ba, ya ce, "To, Yaya," ya fita ta faffaɗan zauren nan yana 'yar waƙarsa.